Ni da Hussainata jini ɗaya ne, me ya sa ni kaɗai ke fama da ciwon ɓarin kai?

Hassana Mai Ɗinki, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun shekaranjiya nake son rubuta wannan, sai yau idona ya iya jure hasken waya. Shekara tara ke nan da aka kawo ni Legas, bakwai daga ciki ina fama da ciwon ɓarin kai. Ga yadda yake zuwa mini. Ina zaune a kan keke, in zo zura zare sai in ga rabin allurar ya ɓace. Sai wani haske mai tsini-tsini kamar haƙoran zarto ya fara rawa ta gefen hagu, yana faɗaɗa a hankali. Minti ashirin ko talatin ya wuce abinsa. Daga nan ɓarin dama ya ɗauka, kamar ana daka a turmi, kowace taɓarya daidai da bugun zuciyata. Turaren wutar da ni da hannuna na saka ya koma tayar mini da zuciya, balle hayaƙin janareton maƙwabta. In ɗaure kai da ɗankwali tamau, in rufe taga, in kwanta. Wani zubin sai na kwana biyu a haka, ɗinkin mutane na jibge.

Inna tana yi, Kaka ma an ce ta yi. To ni 'yar biyu ce. Kamarmu ɗaya sak da Hussaina, har Baba sai ya duba tabon goshina kafin ya kira suna, kuma Inna ta ce mabiyiya ɗaya aka binne mana. Tana aure a Malumfashi, ko sau ɗaya ba ta taɓa yin wannan ciwo ba. In gado ne, me ya sa ya tsallake ta? In ba gado ba ne, me ya sa ya bi Kaka, ya bi Inna, ya sauka kaina?

Abin da ya sa na kawo maganar yanzu, wata mai kawo mini ɗinki ta turo mini talla, wai akwai gwajin jini na efijenetik da ke nuna inda ciwon ya maƙale a jikin DNA, da wasu ƙwayoyi da ke wanke shi cikin wata uku. Kuɗin ya kai na sabon keke. Maigidana ya ce in dai zan warke zai ci bashi. Don Allah masana ku haska mini kafin mu zuba kuɗi.

Maman Walida, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya yaye miki. Ina karantawa kamar ni na rubuta, sai dai ni ba na ganin hasken. Nawa kwana ɗaya ko biyu kafin al'ada yake zuwa, bai taɓa saɓa lokaci ba. A cikin Walida kuwa tun daga wata na huɗu har na sauka ban ji ɗuriyarsa ba, na ɗauka rabuwa ke nan. Ana gama wankan jego ya dawo.

Alhaji Na Mile 12:
'Yata, Ikko ce. Shekarata talatin da huɗu a garin nan. Mutumin da zai tashi ƙarfe uku na dare ya tari motar tumatir, ya yini cikin rana da hayaniya, ya shiga goslo awa uku, ya isa gida ba wuta, ga zafi ga sauro ga ƙarar inji har asuba, wane kai ne zai zauna lafiya? 'Yar'uwarki ana idar da isha'i ta kwanta, ta sha iskar Allah. Ki je gida ki yi wata biyu ki gani.

Hassana Mai Ɗinki, Agege:
Baba Alhaji, na je bara, na yi wata guda cur. Gaskiya ya ragu, amma sau biyu ya kama ni a ɗakin Inna. Kuma Inna ba ta taɓa taka Legas ba.

Sagir, Akoka:
Yaya Hassana sannu da jiki. Ni ɗalibi ne, wannan fannin muke karantawa, bari in faɗi abin da na riƙe kafin Anti Dakta ta shigo. Ke da Baba Alhaji kowa ya kama ɓangare ɗaya na gaskiya.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinki akwai zaren DNA wanda in an warware shi zai kai mita 2. Rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A, C, G da T, kimanin biliyan 3 daga wajen Inna, wasu biliyan 3 daga wajen Baba. Ke da Yaya Hussaina rubutunku ɗaya, tun da ƙwai ɗaya ne ya rabu biyu. To amma rubutun da ke cikin ƙwayar idonki shi ne dai ke cikin ta hantarki. Me ya hana ido zama hanta? Ba duka ake karantawa ba. Cikin ƙwayoyin gado kimanin 20,000, wato sassan rubutun da ke ba jiki umarni, kowace gaɓa tana buɗe waɗanda take buƙata, ta rufe saura. Hanya ɗaya ta rufewa, wani ɗan ƙaramin sinadari ne da ake kira metil, yana zuwa ya ɗare kan harafin C a inda G ke biye da shi. In suka taru da yawa a bakin ƙofar ƙwayar gado, galibi sai ta yi tsit. Hanya ta biyu kin fi ni saninta: zaren a naɗe yake a jikin wasu 'yan kwarkwaro da ake kira histon. In aka naɗe tamau ba ya karantuwa, in aka sassauta ya karantu. Wannan shi ne ilimin efijenetik, kalmar da wani masani ɗan Ingila, Conrad Waddington, ya ƙirƙiro a 1942.

A 2005 masu bincike a Madrid sun auna 'yan biyu masu kama ɗaya su 80, daga 'yan shekara 3 har zuwa 74. Ƙananan, da ƙyar ake bambance alamominsu. Manyan kuwa sun yi nisa da juna, musamman waɗanda suka daɗe ba sa zaune wuri ɗaya. Agege da Malumfashi ke nan.

Malam Alaramma, Idi-Araba:
Madalla da wannan yaro. Abin da ka faɗa mu da shi ake buɗe karatu a tsangaya. Yaro babbaƙu yake farawa kafin farfaru. Rubuta ba da ra a allo babu wasali, me ka rubuta? Sai an sa wasali za a san bara ce, ko bari, ko biri. Baƙi yana nan yadda yake, karatu ya sauya. Shi ya sa marubutanmu ke yin baƙi da baƙar tawada, wasali da ja. Akwai ma harafin da ake rubutawa a ɗora masa 'yar da'ira a ka, alamar kada a furta shi. Ina jin metil ɗin nan naka da ita ya fi kama.

Ke kuma 'yata, ki kwantar da hankalinki. Ciwon nan ba baƙo ba ne, kuma ba shaidar an yi miki wani abu ba ce. Larabawa shaƙiƙa suke ce masa, daga kalmar tsagi, kamar yadda mu muke cewa ɓari. Ya tabbata a Bukhari daga Ibnu Abbas cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho a ka yana cikin harami saboda shaƙiƙa. Mafificin halitta ya ji wannan ciwo, kuma ya nemi magani.

Sagir, Akoka:
Allah gafarta Malam, wallahi misalin nan ya fi wanda aka ba mu a aji. Kuma wasullan nan rayuwa tana da hannu wajen sa su. An yi yunwa a Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen yaƙin duniya. Bayan shekara sittin, a 2008, aka auna waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin, aka tarar metil ɗin da ke kan ƙwayar gado mai suna IGF2 bai kai na 'yan'uwansu ciki ɗaya ba. Nan kusa da mu ma, a karkarar Keneba ta Gambiya, an nuna a 2014 cewa jariran da aka ɗauki cikinsu da damina alamominsu sun bambanta da na 'yan rani, saboda abincin iyaye mata yana sauyawa da lokaci.

Ke nan wahalar da Kaka ta sha ce ta bi jini ta sauko kan Yaya Hassana. Kuma tun da wasali ne, ana iya wanke shi kamar yadda ake wanke allo. Ni a ganina maganin tallar nan ba lallai ƙarya ba ne.

Dakta A'i, Surulere:
Salamu alaikum, yanzu na fito daga aikin dare. Sagir ƙanena, ka zo da kyau har ka kai layukan ƙarshe, a nan ka zame, kuma kuɗin bayin Allah ne za su salwanta in muka yi shiru.

Dubi misalanka biyu da kyau. A Holan da Gambiya, yaran suna cikin ciki lokacin da abin ya faru, wato su da kansu yunwar ko sauyin abincin ya taɓa. Wannan daban yake da a ce alama ta tashi daga kaka ta bi uwa ta isa jika. A jikin ɗan Adam ana wanke allon sau biyu: sa'ad da ake gina ƙwan mace da maniyyin namiji, da kuma 'yan kwanakin farko bayan sun haɗu. Mafi yawan wasullan a nan suke gogewa. Saboda haka abin da Hassana ta gada wajen Inna, babbaƙun ne kansu.

Kuma an ƙirga su. A 2022 aka fitar da bincike mafi girma a lokacin, wanda masana a Helsinki suka jagoranta, da masu ciwon ɓarin kai sama da 102,000. An gano wurare 123 a jikin DNA masu ƙara haɗarin ciwon, kowanne da ɗan ƙaramin rabonsa, wasu sun shafi jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wasu hanyoyin jini. Tun kafin nan, a 2003, an duba 'yan biyu kusan 30,000 bibbiyu a ƙasashe shida, aka ga rabon gado a wannan ciwo yana tsakanin kashi 34 zuwa 57 cikin ɗari. Kusan rabi ke nan. Sauran rabin na abin da jiki ya gamu da shi ne: barci, abinci, damuwa, sinadaran mata, magunguna. To ƙanwata, ga amsar tambayarki. Gadon bai tsallake Hussaina ba, tana ɗauke da shi yadda kike ɗauke da shi. Itacen a jere yake a murhun kowaccenku, naki ne aka hura wa wuta.

Sai mu zo kan wasullan da ciwon ɓarin kai, inda mai talla ya fake. Gaskiya ne an yi bincike. A Birisben ta Ostareliya, a 2018, an gwada jinin masu ciwon su 67 da na lafiyayyu 67, aka sami yankuna 62 da metil ɗinsu ya bambanta. A shekarar dai, a Norwe, an duba mata 36 da ciwon kansu ya tashi daga jefi-jefi ya koma na kusan kullum cikin shekara 11, aka kwatanta su da 35 da nasu bai ƙaru ba, aka ga alamu a kusa da wasu ƙwayoyin gado masu aiki a mahaɗar jijiyoyi. Sagir, ka ajiye 67 kusa da 102,000 ka ga tazarar. Na biyu, jini aka auna, ciwon kuwa a ƙwaƙwalwa da jijiyar fuska yake, kuma kai da kanka ka ce wasullan ido daban da na hanta. Na uku, wanda ya shekara bakwai yana ciwo, yana rashin barci, yana shan magani, dole jininsa ya nuna wani sauyi. Sauyin zai iya zama sawun ciwon, ba tushensa ba.

Babu wani gwajin efijenetik da likitocin jijiya ke amfani da shi wajen gano ciwon ɓarin kai, a nan ko a Turai. Da labarin mara lafiya ake gano shi, kuma wanda Hassana ta bayar ya fi kowane gwaji bayani. Kada maigidanki ya ci bashin nan.

Shugaban Zaure:
Na cire saƙon da wani ya saka yanzu da lambar waya da farashi. Ba a talla a nan, balle a ƙarƙashin maganar mara lafiya. A ci gaba.

Hassana Mai Ɗinki, Agege:
Na gode Anti Dakta, Allah ya saka. Hasken nan fa? Na fi jin tsoronsa a kan ciwon. Kullum ina ganin makancewa zan yi, har tabarau na yanka.

Dakta A'i, Surulere:
Ba daga idonki yake ba. In ya sake zuwa ki rufe ido ɗaya, ki buɗe ki rufe ɗayan, za ki ga yana nan. A ƙeyar ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa gani, wani kaɗawar lantarki ne ke tashi yana tafiya a hankali, kimanin milimita 3 a minti, yana barin jijiyoyin bayansa shiru na ɗan lokaci. Wani masani ɗan Brazil, Leão, shi ya fara bayyana shi a 1944. Tafiyarsa a hankali ita ce kike gani haƙoran zarton suna faɗaɗa, shirun da ya bari kuma shi ne rabin allurar da ya ɓace. Ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ke kula da ganin hagu. Kusan ɗaya cikin uku ko huɗu na masu ciwon suna samun wannan share fage, kuma yakan wuce cikin minti 5 zuwa 60.

Amma akwai abin da ya wajaba kowace mace a zauren nan ta ji. Mai ganin wannan haske ba ta shan ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗe da sinadarin mata na istirojin, domin haɗuwarsu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai wasu hanyoyin da ba su da shi. Hassana, wannan za mu ƙarasa a saƙon sirri. Tambayar da zan yi miki a fili ɗaya ce: kwana nawa a wata kike shan maganin ciwon kai?

Hassana Mai Ɗinki, Agege:
Ban taɓa ƙirgawa ba. Amma akwai ƙwayoyin a aljihun keke, akwai a jaka. Da na ji kan ya yi nauyi da safe nake jefa biyu don kada ya taso. Zan ce kusan kullum, tun bayan sallar layya ta bara. Wani mai kemis ne ya haɗa mini, farasitamol mai sinadarin kafin (irin na cikin goro da shayi) da ibufurofen.

Dakta A'i, Surulere:
To a nan gizo ke saƙa. Ƙa'idar da likitocin ciwon kai suka ajiye ita ce: wanda ke shan farasitamol ko ibufurofen ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma maganin haɗi mai kafin, ko kodin, ko tiramol, ko tiriftan (maganin ɓarin kai) kwana 10 ko fiye, har ya haura wata uku, maganin da kansa yana iya zama mai riƙe ciwon. Nauyin kan da kike ji da safe wataƙila kiran magani ne. An gudu gara an faɗa gidan zago. In akwai wurin da masana suka fi zargin wasullan Malam da hannu, to nan ne, wajen komawar ciwon daga jefi-jefi zuwa na kullum, domin jijiyar da aka daɗe ana tsokana tana koyon saurin amsawa. Abin farin cikin shi ne yawanci tana saukowa in an daina.

Ɗanliti, Apapa:
Likita kin taɓo ni. Ni direban tanka ne. Mukan yi kwana huɗu, biyar a layi muna jiran lodi, barci a kan kujera, abinci in an samu. Kaina ya fara sarawa ta ɓari guda, wani abokin aiki ya ba ni tiramol, na ji wasai. Yau shekara biyu, in ban sha ba kafin hantsi kan kamar zai tsage. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, matata ma ba ta sani ba.

Dakta A'i, Surulere:
Malam Ɗanliti, faɗar da ka yi rabin magani ce, Allah ya ba ka ladan ƙarfin hali. Kai naka ba irin na Hassana ba ne, kada ka yanke shi rana ɗaya. Tiramol sai an riƙa ragewa a hankali a hannun likita. Yana kuma iya jawo farfaɗiya, kai kuwa man fetur kake ja a bayanka. Ka je babban asibiti cikin makon nan ka faɗa musu yadda ka faɗa mana.

Ɗan Gusau, Alaba Rago:
Ni tambayata ta wani gefen ce, a gafarce ni. Tun da an tabbatar rabinsa gado ne, ashe bai kamata a riƙa bincikawa kafin aure ba kamar yadda ake gwajin sikila? Yarinyar da nake nema mahaifiyarta na da shi.

Hassana Mai Ɗinki, Agege:
Malam, maganar nan ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Akwai wadda ta taɓa cewa a gabana an kawo musu mai jinya gida, wai lalaci ne nake ɓoyewa a bayan ɗankwali. Ranar da ta faɗi haka sau uku na yi amai, kuma a daren na ƙarasa ɗinkin anko na mutum shida. Kada ka bar yarinyar mutane a kan wannan.

Maman Walida, Idi-Araba:
Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In za a daina auren masu wannan ciwo, gidaje nawa za su rage a Idi-Araba?

Sagir, Akoka:
Na karɓi gyaran Anti Dakta, na yi gaggawa ɗazu, Yaya Hassana ki yafe ni. Amma wannan zan iya amsawa. Sikila harafi ɗaya ne tak ya sauya a ƙwayar gado ɗaya, shi ya sa ake iya cewa AS da AS, kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu. Nan kuwa wurare 123 ne, kowa a zauren nan yana ɗauke da wasu daga ciki, har da kai Malam. Kimanin mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana da ciwon. Babu abin da za a gwada. Akwai dai wani nau'i da ba kasafai ake gani ba, mai zuwa da mutuwar ɓarin jiki na ɗan lokaci, shi ne ke bin ƙwayar gado guda, an gano ta farko a Leiden a 1996.

Wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya: mutanen da ke cikin binciken 2022 masu asalin Turai ne. Alhali tun 1992 marigayi Farfesa Osuntokun na Ibadan da abokan aikinsa suka fitar da ƙidayar da suka yi a Igbo-Ora, suka sami kimanin mutum 5 cikin 100 da ciwon. Garin nan kuwa da haihuwar tagwaye ya yi suna. Irin su Yaya Hassana da Hussaina, jini ɗaya gari biyu, su ake nema da fitila a wannan ilimi, kuma a ƙasarmu suke.

Alhaji Na Mile 12:
To Likita, ashe dai ban yi ƙarya ba, Ikko na da rabonta. Ni nawa sai azumi ya kama, kwana ukun farko daga la'asar ba na iya lissafin kwando.

Dakta A'i, Surulere:
Ba ka yi ƙarya ba Baba, rabi guda naka ne. Naka kuma ina zargin goro da shayi. Dukansu akwai sinadarin kafin, jikin da ya saba in aka yanke masa rana ɗaya sai kai ya amsa, ga yunwa ga ƙishirwa ga barcin da ya rabu biyu. Ka fara rage goro tun tsakiyar Sha'aban, ka jinkirta sahur, ka sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur.

Maman Walida, naki faɗuwar istirojin ce gab da al'ada. A ciki sinadarin yana hawa ya tsaya, shi ya sa kika huta. Kafin balaga maza da mata kusan kunnen doki suke a wannan ciwo, bayan balaga mata sun ninka maza kusan sau uku, kuma da yawa suna samun sauƙi bayan ɗaukewar al'ada.

Sagir, Akoka:
Anti, tambaya ta ƙarshe. Babu maganin da ke taɓa wasullan da gaske?

Dakta A'i, Surulere:
Akwai, kuma darasi ne. Balfurowet, wanda ake sayarwa da sunan Epilim, maganin farfaɗiya ne da ake bayarwa don rigakafin ciwon ɓarin kai. A 2001 aka gano yana hana aikin wani sinadari da ke matse zaren a jikin histon, wato yana sassauta naɗin. To wannan magani, in mai ciki ta sha, kimanin jariri ɗaya cikin goma na zuwa da nakasa, kuma har kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na samun matsalar koyo da girma. Shi ya sa ba ma ba mace mai shekarun haihuwa shi saboda ciwon kai. Abin da ke taɓa wasali da gaske ba ya zaɓar kalma ɗaya ya bar saura. Duk wanda ya ce yana da ƙwayar da ke wanke DNA kuma ba ta da illa, to ba ta kai ga DNA ɗin ba.

Babban ci gaban da aka samu ta wata ƙofa ya shigo. A 1990 Goadsby da Edvinsson suka nuna wani sinadari, CGRP, yana ƙaruwa a jinin wuya lokacin da ciwon ya tashi. Daga nan aka ƙera allurar da ke tare hanyarsa, Amurka ta amince da ta farko a 2018. Tana da tsada ƙwarai. Amma tsofaffin magungunan rigakafi irin su furofaranolol da amitiriftilin suna nan da araha, suna kuma yi wa mutane da yawa aiki, in likita ya zaɓa bayan ya auna hawan jini ya tambayi asma da juna biyu.

Sai dai kowa ya riƙe wannan: ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya kamar tsawa, ko mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mai karkacewar baki da mutuwar hannu, ko na mai ciki da kumburi da dishi-dishin gani, ko wanda ya fara bayan shekara 50, ba na ɗaure kai a kwanta ba ne. Asibiti nan take.

Hassana, aikinki: ki sami kalanda ki rataye kusa da keke. Ranar ciwo ki yi da'ira, ranar shan magani ki ja layi, ranar al'ada ki sa ɗigo. Ki kai wa likitan jijiya. Makon farko da na biyu bayan barin ƙwayoyin kan zai fi tsananta, kada ki karaya, kuma kada ki karɓi ɗinkin biki a lokacin.

*Bayan mako bakwai*

Hassana Mai Ɗinki, Agege:
Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Mako biyun farko ban daina komai ba, ƙirgawa kawai na yi: layi 12 cikin kwana 14. Da na nuna wa maigidana sai ya yi shiru. Na ga likita, ya sauya mini hanyar tazara, ya ɗora ni a kan maganin rigakafi na dare, ya ce in ajiye na aljihun keke. Kwana goman da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Cikin mako ukun nan na ƙarshe da'ira 4 ce a kalanda, layi 3. Hasken ya zo sau ɗaya, na rufe ido ɗaya na rufe ɗayan kamar yadda Anti ta ce, yana nan, sai na ji tsoron ya sake ni. Na kuma daina ɗinki bayan ƙarfe goma, ko an kawo wuta.

Amma ga abin da ya dawo da ni. Jiya Hussaina ta kira ni hankali a tashe. 'Yarta ta fari, shekararta 13, ta dawo daga islamiyya tana cewa rabin allon ya ɓace mata, wani abu na ƙyalli a gefe, daga baya ta yi ta amai tana riƙe da ɓarin kai. Sun ɗauka iska ce. Na ce ta ba ta waya, na tambaye ta ko kamar haƙoran zarto ne. Ta ce, Umma Hassana, ya aka yi kika sani?

Dakta A'i, Surulere:
Alhamdu lillahi da naki sauƙin. Yarinyar kuma, tun da karon farko ne, a kai ta likita ya duba ta sosai kafin a sa masa suna. Kada a ba ta asfirin a shekarunta, kada kuma a saba mata da ƙwaya kullum. Ki ce wa Hussaina ta lura da karin kumallo da lokacin barcinta.

Malam Alaramma, Idi-Araba:
Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara miki. A yi mata addu'a, a kai ta asibitin.

Hassana Mai Ɗinki, Agege:
Amin, Allah gafarta Malam. Ranar Litinin za su shiga Katsina. Akwai direban da ke lodi a nan Agege gobe da yamma, na riga na ba shi kalanda guda da jan biro ya kai mata.